Kabarin da Ya Zo Neman Selina

A layin teloli na Kasuwar Gombe, idan ka ce kana neman Selina Bernard, sai an tsaya ana tunani. Amma ka ce Saja, ko mai turin baro zai nuna maka shagonta da baki. Ba ta taɓa sa kaki ba, ba ta taɓa riƙe bindiga ba. Keken ɗinki take takawa, tana ɗinka kayan 'yan makaranta da ankon matan zumunta na coci. Ni Batul maƙwabciyarta ce, zare da zif da maɓallai nake sayarwa, katangar langa-langa ce kawai ta raba mu. Saboda haka abin da zan faɗa, wani a gabana aka yi shi, wani kuma daga bakinta na ji, don Selina ba ta iya riƙe labari a ciki ba.

Mace ce doguwa, ta haura hamsin, mai dariyar da ake ji har layin masu atamfa. 'Yar Tangale ce daga wani ƙauye da ke bayan Billiri. Aure ne ya kawo ta Gombe, mijinta Danny direban motar haya ne har ƙafa ta fara damunsa ya ajiye. A hannun kakarta Hilda ta tashi, kuma a wurin wannan tsohuwa ta fara jin sunan Yila.

Yila shi ne mijin Hilda, kakan Selina ke nan. A lokacin yaƙin duniya na biyu aka kwashe shi tare da wasu samarin ƙauyen, aka kai su ƙasar Boma, can gaba da Indiya. Ya bar ɗansa yana rarrafe. Ɗan nan shi ne Baba Bernard, mahaifin Selina. Da yaƙi ya ƙare, biyu daga cikin samarin suka dawo, suka rantse cewa sun ga Yila da ransa a jirgin ruwan da ya kawo su Ikko, sai dai an raba musu jirgin ƙasa. Hilda ta dafa giya, ta share tsakar gida, ta jira. Bai zo ba. Daga baya masu surutu suka ce ai ya samu wata a Ikko ya zauna. Hilda takan tofar da yawu ta ce, “Mutumin da ba ya iya cin tuwo in ba da miyata ba? Ku dai faɗi wata.” Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda da zancen nan ba.

Baba Bernard ya girma, ya yi noma, ya zama dattijon coci, amma ba ya son a ambaci mahaifinsa. In an tayar da zancen, sai ya tashi ya ce zai duba awaki.

Abin da ya tayar da Selina kuwa wani tsohon soja ne, Baba Emma, wanda ya yi yaƙin basasa. Ana gab da ranar tunawa da 'yan mazan jiya ya kawo mata kakinsa ta rage masa, don tsufa ya tsotse shi, wandon yana zame masa. Tana awo suna hira, har ta ba shi labarin kakanta.

Ya ce, “Da wane suna kuka neme shi?”

“Da sunansa mana, Baba. Yila.”

Tsohon ya yi dariya har da tari. “'Yata, a zamanin Turawa wa ya damu da sunan da uwarka ta raɗa maka? Ka tsaya a layi, a dube ka, a ce kai ne Audu, kai ne Musa, a liƙa maka sunan wani gari a baya. Kakanki yana iya zama Garba Bauchi, ke kina nan kina kiran Yila.”

Ranar Selina ta lalata wuyan riga biyu. Da yamma ta tsare 'yarta Joan, wadda ke aikin jinya, ta ce sai ta nuna mata yadda ake bincike a waya. Joan ta buɗe mata shafin da ake samun sunayen sojojin da suka mutu a yaƙin, da inda aka binne su ko aka rubuta sunansu a bango. Selina ta sayi tabarau, ta koyi abin da kanta. Tun daga nan, da ciniki ya lafa sai ka gan ta ta ɗora waya a kan keke, tana tauna gyaɗa tana karanta sunayen matattu da ƙarfi kamar mai kiran 'yan aji.

Ba ta samu Yila ba. Amma da yake da ƙarfi take karatun, wata rana Abdulgafar mai albasa yana wucewa ya ji ta ambaci wani suna, ya tsaya cak da buhu a kai. Sunan ƙanin kakansa ne, har da sunan garinsu. Aka duba, aka ga an rubuta shi a bangon wata maƙabartar sojoji a can Boma. Selina ta nemo masa hoton wurin, ciyawa kore shar, an jera furanni. Abdulgafar ya sauke buhu ya zauna a ƙasa yana kallo, ya ce, “Ashe Bappa a Aljannar duniya yake kwance, mu muna nan muna tausaya masa.” Ya aika aka kawo wa duk layin zoɓo mai sanyi. A ranar ne wani ya ƙame ya sara wa Selina ya ce, “Saja!” Sunan ya bi ta.

Daga nan mutane suka fara zuwa. Wata ta zo da sunan kakanta, wani ya zo da tsohuwar lambar girma a ƙulle cikin tsumma, wani kuwa ba shi da komai sai cewa kakansa gajere ne mai faɗa. Wasu ta samo musu, da yawa ba ta samo ba, ta kuma faɗa musu gaskiya. Idan matan zumunta suka tafi taro Kaduna ko Jos, sai ta zame ta hau Keke Napep ta tafi duk inda aka ce mata akwai tsofaffin kaburburan sojoji, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaukar hoto, ta dawo da ƙaya a zani. Danny yakan ce matan mutane tsarabar dankali suke kawowa daga Jos, tasa kuwa hotunan kabari. Shekaru suka tafi a haka. Na taɓa tambayarta ko ba ta gaji ba, ta ce, “Batulu, in ban samu nawa ba ai na samu na wasu. Kuma ina ruwan mai neman allura da tsawon rana?”

Wata ranar Talata da hantsi, bayan an ɗauke ruwan sama, wata tsohuwa ta shigo layinmu tana dogara lema, tana ɗage mayafi kada ya taɓa taɓo. Fara ce, ƙarama, da goro a kumatu. Ta tsaya a shagona ta tambayi Saja, na nuna mata. Da yake ni ma ba na rasa kunne, na bi bayanta da kujera.

Selina ta gaishe ta, “Sannu da zuwa, Goggo. Ɗinki ne?”

“A'a, 'yar nan. Sunana A'i, daga unguwar Malam Inna nake. An ce ke ce mai nemo wa mutane kaburburan sojojinsu.”

“Ina dai taɓawa, Goggo. Wa ya ɓace miki?”

“Ni babu wanda ya ɓace mini. Kabari gare ni, mutanensa nake nema.”

Selina ta cire ƙafa daga kan keke.

Goggo A'i ta gyara zama ta ba mu labari. Mahaifinta Malam Sallau mutumin ƙasar Katsina ne, shi ma ya yi yaƙin Boma. A can ya yi aboki, wani ƙato daga duwatsun kudancin Gombe, wanda a soja ake kira Audu. Rannan suna tsallaka wani kogi ruwa ya ja Sallau, Audun nan ya damƙo shi ta wuyan riga ya fito da shi. Tun daga ranar kwanonsu ɗaya. Da aka sallame su, ciwon ƙirji ya kama Audu a hanya. Da suka sauka daga jirgin ƙasa a Jos, Sallau ya ga abokinsa ba zai iya kai kansa gida ba, sai ya bar hanyar Katsina ya hau babbar mota tare da shi. Suka iso Gombe da ƙyar, suka sauka a gidan wani fatoma mai saukar da baƙi. A nan ciwon ya ci ƙarfinsa, ya cika a hannun Sallau.

“To kin ga,” in ji Goggo A'i, “shi ba Musulmi ba ne, Baba kuma bai san kowa nasa ba. Sai fatoman ya ce a kai shi gefen gonarsa, gindin wata tsamiya. Nan Baba ya haƙa da hannunsa ya sa shi, ya jera duwatsu. Ya ce ba zai tafi Katsina ba sai ya kai wa iyalin mutumin labari. Yana zaune yana jiran rani, yana taya fatoma aikin gona, sai ido ya faɗa kan 'yar fatoma.” Ta rufe baki da mayafi tana dariya. “Ita ce ta haife ni. Kin ga da ba don mamacin nan ba, da babu ni.”

Selina ta ce, “Bai je neman dangin ba?”

“Ya je, har sau biyu, a kan jaki. Amma wa zai tsaya ya saurari mai takalmin soja a lokacin? Da an hango shi sai a haye dutse, a zaci wani kamun soja aka zo yi. Waɗanda suka tsaya kuma suka ce ba su san Audu ba. Sai ya riƙa cigiyar matar Audun, don da zazzaɓi ya yi wa Audu zafi sunanta yake ta kira. Ita ma aka ce babu mace mai wannan suna.”

“Wane suna, Goggo?”

“Lamila, ko Lamela. Haka dai Baba yake faɗa.”

Na ga hannun Selina ya kama gefen keke. A hankali ta ce, “Goggo, Lamela ba sunan mace ba ne a wurinmu. Sunan babana ne na gida, kafin a yi masa baftisma.”

Goggo A'i ta daina tauna goro. Suka kalli juna. Can tsohuwar ta ce, “Tsaya, kada mu yi gaggawa. Mu a gida ba Audu muke ce masa ba. Baba Cindo muke cewa, don yatsa shida gare shi a hannu ɗaya.”

“Hannun hagu,” in ji Selina. “Babana ma da shi aka haife shi. Ɗan Joan ma haka.”

Abin da ya biyo baya, duk layin ya shaida. Selina ta yi wata irin guɗa da ban taɓa jin irinta ba, ta sunkuci tsohuwar nan sama kamar jaririya tana juyi da ita, Goggo A'i tana dukan ta da lema tana cewa, “Sauke ni, ja'ira, ƙugu gare ni!” Teloli suka bar kekuna, masu dako suka taru, wasu na tambaya ko haihuwa aka yi. Selina na kuka tana dariya, ta rungume ni, ta rungume Abdulgafar da albasarsa. Ni na rufe mata shago, don ita ta manta da takalminta ma.

Muka ɗunguma zuwa Malam Inna mu uku. Gonar fatoma ta zama unguwa tun tuni, gidaje sun haɗe, ga shagunan caji, ga masu suyar awara. Amma Malam Sallau ya gina gidansa ne a kan gefen gonar da matarsa ta gada, ya zagaye tsamiyar da katanga. Yanzu jikansa Abdulrasheed, malamin sakandare, shi ke riƙe da gidan. Ya tarbe mu, ya ratsa da mu ta tsakar gida zuwa baya. Ga tsamiya ta yi rassa har kan rufin maƙwabta, a gindinta kuma ga duwatsu a jere, an shafe su da farar ƙasa, wurin a share tas.

Abdulrasheed ya ce, “Adda, wasiyyar kakanmu ce. Ba a ɗaure akuya a nan, ba a zubar da ruwan wanki. Ni so nake na ƙara ɗakuna ta wannan gefe, shi ne Goggo ta ce ba za a sa bulo ko ɗaya ba sai an sake neman masu shi, a ji ta bakinsu.”

Selina ta durƙusa ta dafa dutse ɗaya, ta yi magana da yarensu a hankali. Daga baya na tambaye ta me ta ce. Ta ce gaya masa ta yi Hilda ba ta taɓa yarda da zancen matar Ikko ba.

Saura Baba Bernard. Selina ta ƙi faɗa masa a waya. Washegari ta sa Danny ya ari mota suka tafi ƙauye. Ta ce ta same shi yana gyaran akurkin kaji, ta zauna a kan turmi ta zayyana masa komai. Ya saurare ta har ta gama. Sai ya tambaye ta abu ɗaya: “Kika ce a hanyar gida yake?”

“A hanyar gida yake, Baba. Sunanka yake kira.”

Tsohon ya shiga ɗaki. Ta zaci kuka zai yi, sai ga shi ya fito da kwat ɗinsa ta zuwa coci da hula, ya ce, “To me muke jira?” Da ƙyar aka lallashe shi ya bari sai Asabar, don a sanar da dangi.

Ranar Asabar motoci biyu suka zo daga ƙauye, cike da 'ya'ya da jikoki da buhun gyaɗa da akuya. Gidan Malam Sallau kuwa tun safe ake tuƙa tuwon shinkafa, an soya waina, an dama fura. Unguwa ta fito kallo. Baba Emma ya zo cikin kakinsa da Selina ta rage masa, da wasu tsofaffin sojoji biyu, suka tsaya a bakin ƙofa suna gardamar wanda zai ba da umarni.

Da Baba Bernard ya sauko daga mota, Goggo A'i ta taho ta tsaya a gabansa. Ba ta gaishe shi ba tukuna, sai ta ce, “Yaya, mu ga hannun.” Ya miƙa mata na hagu. Ta juya shi, ta taɓa ɗan yatsan, ta ce, “Wallahi shi ne. Sannu da zuwa gidanku.”

Aka kai shi gindin tsamiya. Ya cire hula, ya daɗe a tsaye. Mutum mai shekara tamanin da ɗoriya, sai muka ji ya ce da ƙaramar murya, “Baba, ga Lamela.” Babu wanda bai share ido ba. Faston da suka zo da shi ya yi addu'a, dangi suka yi waƙar coci da yarensu, mutanen gida suna tsaye a gefe cikin natsuwa. Sannan Baba Bernard ya juya ya ce shi ma yana da roƙo: a kai shi kabarin Malam Sallau kafin ya bar garin nan, ya yi wa mutumin godiya. Abdulrasheed ya ce ko yau yake so.

Tsofaffin sojoji suka jera, Baba Emma ya daka tsawa, suka buga ƙafa suka sara. Ƙarar ta firgita akuyar da aka kawo, ta tsinke igiya ta ratsa tsakanin mata, ta kifar da ƙwaryar fura, ta haye kan buhunan siminti tana kallon jama'a. Kuka ya koma dariya. Baba Bernard ya yi dariya har sai da aka kawo masa kujera.

Ana cikin cin abinci Goggo A'i ta shiga ɗaki ta fito da wani kofin ƙarfe, duk ya lotse, hannunsa a ɗaure da waya. Ta ce na Baba Cindo ne, da shi ya dawo daga Boma. “Ka yi haƙuri, Yaya, mun more shi. Tun ina yarinya da shi ake auna gero a gidan nan.” Baba Bernard ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya shi, ya miƙa wa Selina ya ce ta zuba masa kunu a ciki. Ya shanye, ya ce a ƙara.

Wasu daga cikin dangi suka kawo shawarar a kwashe ƙasusuwan a mayar ƙauye kusa da Hilda. Baba Bernard ya girgiza kai. Ya ce mutumin da aka share wa ɗaki shekara da shekaru ba a ce masa baƙo, a bar shi inda yake. Abdulrasheed ya ce to shi ma zai juya ginin nasa ta gabas, ya fitar da ƙaramar ƙofa ta lungu, duk mai son zuwa ya shigo ba sai ya yi sallama ba. Goggo A'i ta ce ba ta yarda ba, ta tsakar gida za a riƙa bi, a gaisa, a ci abinci.

Da la'asar motoci suka yi shirin komawa. Aka nemi Baba Bernard, aka same shi a zaure ya miƙe ƙafa a kan tabarma, shi da Goggo A'i suna musu a kan ko tuwon dawa ya fi na masara. Selina ta ce, “Baba, direba yana jira.”

Ya ce, “Ya tafi. Ni sai na ga ginin yaron nan ya kai linta.”

Selina ta zaro ido, don shekara da shekaru tana roƙonsa ya zo Gombe ya huta ko na mako guda, yana cewa hayaniyar birni tana sa masa ciwon kai. Ta ce, “Kajinka fa?”

“Kaji ba su da dangi ne? Ƙaninki ya duba su.”

A gidan Selina yake kwana, amma da ya karya kumallo sai ya sa hula, Danny ya sa shi a Napep zuwa Malam Inna. A can yake wuni, yana ba magina umarnin da ba su tambaye shi ba. Ginin ya kai linta, an yi rufi, har an shafa fenti. Jiya na tambayi Selina yaushe Baba zai koma ƙauye, ta ce yanzu kuma cewa ya yi sai ya ga an sa tayil.